Giyar Saverio Ba Ta Nuna Ba

A matakala ta ashirin da uku, a hanyar sauka kogon giya, Saverio ya tsaya, ya ce ba gajiya ya yi ba, takalminsa ne ya kwance. Donato ya dubi takalman, ya ga ko igiya babu a jikinsu. Ya dai ƙara riƙe damtsen tsohon, ya bar shi ya jingina da bango yana haki.

"Mu koma," in ji Donato. "In Rosalba ta dawo daga kantin magani ta tarar da gado ba kowa, ni za ta ci wa mutunci, ba kai ba."

"Tsoron mace kake yi, yaro?"

"Tsoron 'yarka nake yi. Halinka ta kwaso kaf."

"To, ka riƙa jin tsoron muna sauka."

Shekarar Donato saba'in da ɗaya, jikokinsa biyar, amma a bakin Saverio har yau yaro ne, don kawai ya girme shi da shekara tara. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu tun kafin su yi aure, kuma kogon wannan yana jikin na wancan a gangaren da ke ƙasan gari, inda kakanni suka fafe dutse suka yi wa giya ɗakuna. Ranar Waliyi Martino ce, sha ɗaya ga Nuwamba, ranar da kowane magidanci ke sauka kogonsa ya ɗanɗana abin da ya ajiye. Likita ya gaya wa Rosalba da wuya mahaifinta ya kai Kirsimeti. Saverio ya ji da kunnensa daga kan gado, ya ce to ai ba ranar Kirsimeti ake buɗe kwalba ba.

Cikin kogon sanyi ne mai shiga ƙashi da warin damshin dutse. Donato ya kunna ƙwan lantarki guda ɗaya da ke reto a sama, ya zaunar da tsohon a kan wata ganga da aka kifa. Kwalaben suna kwance a ramin bango, layi bisa layi, ƙura da yanar gizo sun lulluɓe su. Shekara goma sha huɗu ke nan da Saverio ya yi wannan giya, a shekarar da zafi ya daɗe, ya bar inabinsa a gona har ƙanƙara ta sauka a kan dutse, kowa na yi masa dariya. Ta fito ja mai duhu, kusan baƙa, da bauri mai ɗaure harshe, wanda duk ya kurɓa sai ya yamutsa fuska. Shi kuwa ya ce wannan ba ta sha ba ce yanzu, ta jira ce. Bayan shekara biyu gwiwoyinsa suka ƙi, ya sayar da gonar, don haka ita ce babban aikin hannunsa na ƙarshe. Kwalba ɗari da tamanin ya kwantar, kuma tun daga lokacin guda ɗaya tak ake buɗewa a shekara, su biyu, a wannan rana.

Ta bana tana tsaye a kan dakali. Tun jiya Donato ya sauko ya tsayar da ita don lakar da ke ciki ta kwanta, da safe kuma ya dawo ya cire matoshin don ta sha iska, duk bisa umarni. Ya zuba a kofuna biyu a hankali.

Da ya kurɓa sai ransa ya ɓaci, don daɗin ya yi yawa. Baurin nan ya kwanta tuntuni, ya koma laushi, ƙamshi kuma yana tasowa ta maƙogwaro yana daɗewa. Shekara uku ke nan da ya san giyar ta nuna. Bana kuma, da ya karkata kofin a gaban ƙwan, ya ga gefenta ya fara komawa launin jan bulo, alamar ba za ta zauna jiran mutum har abada ba.

Saverio ya juya tasa a kofi, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya riƙe a baki fiye da yadda ya saba. Ya haɗiye da ƙyar. Sannan ya kafe Donato da ido ya daɗe, shi kuwa Donato ya sami abin kallo a jikin bango.

"Da saura," in ji Saverio.

"Kai ka san kayanka."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Me zan ce? Kogonka ne."

To, da gaskiyarsa. A garin nan kana iya gaya wa mutum rufin gidansa ya karkace, kana iya gaya masa ɗansa ba shi da kunya, amma ba ka isa ka shiga kogonsa ka yanke wa giyarsa hukunci ba. Mai kogo ne ke magana, baƙo ya gyaɗa kai. Ko yabo ne, sai mai kaya ya fara. Akwai wasu surukai biyu a layin coci da suka mutu ba sa ga maciji, don ɗaya ya ce wa ɗaya giyarsa ta isa sha, shi kuma ya ɗauka nufinsa ba ta da ƙarfin da za ta daɗe. Mazan garin nan suna ji da wannan ɗabi'a kamar wani abin kirki ce, kuma a cikinta Donato ya tashi.

Hawa ya ci musu kusan awa guda. Rosalba na tsaye a saman matakala da ledar magani a hannu. Shekararta hamsin, ta baro aikinta a birnin Torino tun watan Satumba ta dawo jinya, kuma gajiyar ta fito mata a ido. Ba mahaifinta ta kalla ba, Donato ta kalla.

"Kawu Donato, na ɗauka kai ne mai hankalin."

"Ni ma haka na ɗauka," in ji shi.

Ta miƙa hannu, Saverio ya ba ta makullin kogon ba musu, ta jefa a aljihun rigar sanyinta.

A gida Donato ya tarar da matarsa Filomena tana murza taliya a kan katako. Ya zauna bai cire hula ba, ya ture wata kujera da ƙafa ba gaira ba dalili.

"Da saura ke nan," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

"Da saura."

"Kai kuma ka ce masa kai ka san kayanka."

"To me kike so in ce?"

"Gaskiya mana. Shekara uku kana dawo mini gida ranar Martino kana harbin kujeru, kana ce mini giyar ta nuna. Ni na yi ta? Je ka gaya wa mai ita."

"Ba a yin haka."

"Ba a yin haka. Mutum saura masa wata guda a duniya, ga kwalba ɗari da sittin da wani abu a rami, bai taɓa shan kofi ɗaya da daɗin rai ba, kai kana nan kana ba a yin haka. In ya mutu ɗan ƙanensa ya zo da mota ya kwashe, ya riƙa sirka ta da lemon kwalba, sai hankalinka ya kwanta."

Da idonsa Donato ya taɓa ganin wannan ɗan ƙanen ya zuba lemo a giya a gaban jama'a. Filomena ta barbaɗa gari, ta ci gaba da murza, sannan ta ce abin da take riƙe da shi tun Lahadi.

"Ka san ma bakinsa ya mutu ko?"

"Bakin wa?"

"Na Saverio mana. Na kai masa miyar wake, ashe sau biyu na zuba gishiri, sai da na dawo na ɗanɗana ragowar na gane. Ko kare ba zai ci ba. Na ruga in ba da haƙuri, na tarar ya suɗe kwano, wai ta yi daidai. Saverio fa, wanda ya taɓa mayar wa marigayiya matarsa da abinci don ta zuba barkono kafin tafarnuwa."

"Kara ya yi miki."

"Yaushe ya koyi kara? Na tsare Rosalba da tambaya, ta ce tun da aka gasa masa ciwon dajin maƙogwaro da na'ura a asibiti, komai a bakinsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda yake. Ko ƙamshi ba ya ji. Ya hana ta gaya wa kowa."

Donato bai tambayi yaushe aka yi gashin ba, don shi ya riƙa kai shi a mota, sau talatin. Shekara uku ke nan da 'yan watanni. Sai ya tuna kallon nan na cikin kogo, wanda ya daɗe yana ɗauka na isa ne, na bana da na bara da na bara waccan. Ashe mutumin ba hukunci yake yankewa ba, jira yake a yi masa musu. Haushi ya turnuƙe Donato, na Saverio da na kansa, bai san wanda ya fi ba. Da Filomena ta ajiye masa abinci, ya ci loma biyu ya ture kwanon.

Washegari ya shirya maganarsa tsaf ya shiga gidan, ya tarar Don Mauro, limamin coci, na zaune a gefen gado, kuma Don Mauro ba ya san gajeruwar ziyara ba. Rana ta biyu tsohon barci yake yi baki buɗe, Rosalba ta ce ko sarki ne ba za a tashe shi ba. Rana ta uku matan coci suka cika ɗakin da carbi da labarin ciwon ƙafafunsu, Donato ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu har ya gaji ya koma. Kullum ya dawo Filomena ta dube shi, shi kuma ya ce mata ta yi abin da ke gabanta. Yana ganin kwanakin suna tafiya, kuma ya san ba nasa ba ne da zai yi wasa da su.

Sai rana ta huɗu da la'asar ya same shi shi kaɗai. An sauko da gadon ɗakin ƙasa, kusa da murhun itace, ta inda yake hango jan barkonon da ke rataye a baranda. Cikin kwana huɗu tsohon ya ƙara ƙanƙancewa, hannayensa a kan bargo duk jijiya.

"Ka zo ka ga ko na mutu ne?" in ji Saverio.

"Na zo in gaya maka wata magana. In ka ga dama ka kore ni."

"Ba ni da ƙarfin kora. Faɗi."

Donato ya zauna, ya murɗe hularsa kamar mai matse wanki. Duk maganar da ya shirya ta gudu.

"Giyarka ta nuna."

Ba abin da ya motsa a fuskar Saverio.

"Ta nuna tun shekara uku da suka wuce. Bana ta kai inda za ta kai. In aka ƙara mata biyu ko uku za ta fara sauka. Ban taɓa shan irinta ba, ko a nan ko a wani wuri. Shi ke nan abin da ya kawo ni."

Saverio ya rufe ido. Donato ya ɗauka kuka zai yi, ashe zagi yake tarawa.

"Jaki," in ji shi a hankali. "Shekara uku ina kallon bakinka. Shekara uku ina cewa da saura don ka ce mini ƙarya nake yi, kai kuwa kana kallon bango kamar an rubuto maka wasiƙa a jiki."

"Da ka tambaye ni mana. Ai kana da baki."

"In tambaye ka? A kogona? In ce yaro, don Allah giyata ta yi? Gara a binne ni."

"Ai ka kusa samun abin da kake so."

Dariya ta kama tsohon, ta koma tari, tarin ya daɗe har Donato ya tashi ya tallafe masa kai ya ba shi ruwa. Da ya lafa, suka ci gaba daga inda suka tsaya.

"Da ka ce mini bakinka ya mutu, da tuni an wuce wurin," in ji Donato.

"Mai giya ya ce ba ya jin ɗanɗano? Kafin yamma an ji a shagon aski. Kai ya kamata ka buɗe naka. Kai ne mai harshe a layin nan, ko ubanka bai kai ka ba. Don me kake tsammani nake sauka da kai kullum, don kyan fuskarka?"

Sama da shekara hamsin suna maƙwabtaka Donato bai taɓa jin yabo daga bakin nan ba, yau ya ji, an naɗo shi cikin zagi, kuma a makare. Maimakon daɗi sai ya ji wani sabon takaici.

"Yaya take?" in ji Saverio, muryarsa ta sauka. "Gaya mini."

"Tana da daɗi."

"Daɗi. Alewa ma tana da daɗi. Me ka ji da farko, me ya biyo baya, me ya rage bayan ka haɗiye?"

Donato ya sosa ƙeya. Shi mutum ne mai ji, ba mai faɗa ba, kuma kwana huɗu sun wuce.

"Ba zan iya da ka ba. Sai tana bakina."

"To ɗauko wata. Ka sha a nan gabana, kana faɗa ina ji."

Rosalba na tsaye a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa, ta ji komai.

"Baba, likita ya ce ko ɗigo."

"Ni wa ya ce zan sha? Wannan jakin ne zai sha, ni in saurara. Likita ya hana saurare?"

Ta dube shi, sannan ta zaro makullin ta bai wa Donato. Ta biyo shi har soro, ta rage murya.

"Kawu, ka yi sauri. Tun jiya ƙafafunsa suka yi sanyi, na rufa bargo uku ba su ɗumama ba."

Rabon da Donato ya sauka matakalan nan da irin wannan sauri tun yana saurayi. Ya fizgo kwalba daga layin sama, ya hau yana haki, ya shigo ɗakin ya zaro ƙugiyar cire matoshi daga aljihu.

"Me kake yi?" in ji Saverio.

"Buɗewa."

"Ka hau matakala arba'in da bakwai kana girgiza ta kamar maganin tari, sannan ka ce za ka buɗe? Ɗaga ta a haske."

Ya goge ƙurar da hannun riga ya ɗaga ta a taga. Lakar shekara goma sha huɗu ta tashi tana yawo a ciki.

"Tsayar da ita can kan kabad. Gobe ƙarfe takwas ka zo ka cire matoshi. Sha biyun rana a zuba."

"Mu tace da tsumma mai tsabta."

"Giyata za ka tace da tsumma? Cuku ka ga ana yi?"

"Saverio, don Allah. Kai fa ba ji za ka yi ba."

"Kai za ka ji. Ba zan kwanta nan ka riƙa ba ni labarin laka ba. Shekara goma sha huɗu na jira ta."

"Amma gobe…" Donato ya kasa ƙarasawa.

"Na san abin da kake nufi. Zan kai. Tsayar da ita."

Donato ya tsaya da kwalba a hannu kamar ya rotsa ta da bango. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san tsohon yana da gaskiya, kuma da tasa ce shi ma haka zai yi. Da ya hau a hankali, ya rungumo ta a kwance yadda ya sani tun yana yaro, da yanzu suna sha. Ya ture kwalaben magani gefe, ya tsayar da ita kusa da hoton marigayiya matar Saverio, ya fita bai yi sallama ba.

Washegari takwas saura kwata yana bakin ƙofa, ya aske gemu, ya sa farar riga. Rosalba ta buɗe masa, da ganin idonta ya san ba ta runtsa ba. Numfashin Saverio ya canja, yana fita da wani ƙara kamar ana jan kujera a ɗakin sama, amma idonsa biyu, kuma a kan kabad suke.

Donato bai ɗaga kwalbar ba. A inda take ya dafe ta, ya murɗa ƙugiyar a hankali, ya ja. Matoshin ya fito lafiyayye, bakinsa kaɗai ya rine. Ya kai shi gaban idon tsohon ya juya masa shi.

"Lafiya lau yake," in ji Donato. "In zuba yanzu?"

Yatsa ɗaya ya ɗaga daga kan bargo, ya kaɗa.

"Sha biyu."

Donato ya ja kujera ya zauna yana fuskantar agogon bango. Bai taɓa sanin agogo na iya tafiya da irin wannan nawa ba. Rosalba na jiƙa auduga tana shafa wa mahaifinta a leɓe. Mai burodi ya wuce a ɗan kekensa mai ƙafa uku yana danna ƙaho, wata ta leƙo ta taga ta tambayi jiki, aka ce da sauƙi. Ƙarfe tara da rabi Rosalba ta aika a kira Don Mauro, ya zo ya yi addu'a ya shafa mai, yau kam bai daɗe ba. Ƙamshin giyar ya fara fitowa daga bakin kwalbar yana gauraya da warin magani, kowa a ɗakin yana ji in ban da mai ita.

Ƙarfe goma Donato ya sunkuya kusa da kunnensa.

"Awa biyu ta sha iska. Ta isa. Bari in zuba."

Idanun suka buɗe, suka harare shi. Babu murya, amma leɓen ya motsa, kuma Donato ya gane kalmar, don jiya ma an kira shi da ita. Ya koma ya zauna, ya dafe gwiwoyinsa, yana jin zuciyarsa na tafasa. Sau biyu ya yi niyyar tashi ya zuba ko an yarda ko ba a yarda ba, sau biyun ya kasa. Kayan mutum ne, kuma mai kayan yana kallo.

Sha ɗaya da minti goma numfashin ya fita bai dawo ba. Suka jira na gaba, su biyu, har Rosalba ta miƙa hannu ta shafe masa ido. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, ta dai kifa kai a kan bargo kafaɗunta na girgiza. Donato ya dubi agogo, ya dubi kwalbar, ya ji kamar ya kama tsohon ya jijjiga shi. Minti hamsin. Mutumin da bai taɓa saɓa alkawari ba a rayuwarsa ya zaɓi yau.

Kafin a jima gidan ya cika da mata. Filomena ta shigo ta buɗe taga, ta rufe madubi da baƙin mayafi, ta hau kujera ta tsayar da agogo. Aka ɗora ruwan wanka a wuta, aka fito da baƙar kwat ɗin da ya yi aure da ita. Wata daga cikin matan coci da ke kwashe magunguna daga kan kabad ta kai hannu kan kwalbar.

"Wa ya bar giya a buɗe a ɗakin mamaci?"

"Kada ki taɓa ta," in ji Donato. Muryar ta fito da kaushin da bai yi niyya ba, matar ta janye hannu tana kallon Filomena. "Za ki tayar da lakar."

Aka yi masa uzuri, aka ce mutuwar ce ta taɓa shi. Ya tsaya a jikin kabad ɗin ya ƙi gusawa, mata na ratsa shi da tawul da zannuwa, har aka sauke ruwan aka juye a babban kwano aka kawo bakin ƙofa. A daidai nan ƙararrawar coci ta fara buga sha biyu.

Rosalba ta ɗago. Ta dubi Donato, sannan ta miƙe ta ce wa matan su ba ta ɗakin tukuna. Da suka fita ta ɗauko kofi ɗaya daga kicin, ta goge da gefen rigarta, ta miƙa masa, ita ma ta fita ta ja ƙofar ba ta rufe duka ba.

Ya zuba a hankali, bai bar kwalbar ta karkata da yawa ba. Giyar ta sauka garau, ba ɗigon laka. Ya ja kujera kusa da gadon, ya kurɓa, ya riƙe a baki. Ɗumin ɗakin da awa huɗun nan sun buɗe ta fiye da yadda ta taɓa buɗewa a sanyin kogo. Ta fi ta ranar Martino nesa ba kusa ba. Da ƙarfe goma da ba ta kai haka ba, kuma wannan ne ya sa hawaye suka zubo masa, na baƙin ciki da na haushi a haɗe.

"To, saurara," in ji shi, ya share hanci da bayan hannu. "Da farko busasshen ɓaure, irin wanda aka manta a kan rufi ya sha rana. Sai wani abu kamar ganyen taba, na cikin aljihun tsohuwar rigarka. Yana tafiya sai ƙasa ta biyo, ta gonarka ta sama, in an yi ruwan farko. Baurin yana nan, bai tafi ba, amma ya daina faɗa da mutum." Ya sake kurɓa, ya haɗiye. "Abin da ya rage kuma, dakata. Bai ƙare ba tukuna."

Ya ɗora kofin a kan gwiwa, ya rufe baki, yana jiran ɗanɗanon ya gama tafiya don ya faɗi abin da ya bari. A bakin ƙofa Rosalba ta tare matan da hannu ɗaya, ruwan wankan yana ta hucewa a cikin kwano.